Ƙwan Zabin Fakku da Ƙwaƙwalwar da ta Goge Kanta

Mun tashi da asuba daga Dogon Daji, ni da ɗiyata ta fari, ƙasa jiƙe sharkaf da ruwan da anka kwana ana yi. 'Yan ajinmu, da yawa cikinku kun tambaye ni ina na shiga kunka daina ganina wurin karatu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku da hannuna. Wadda ta ga kuskuren rubutu ta yi haƙuri, kun san da girmanmu munka fara riƙe alƙalami.

Ni na ɗauki ƙullin daddawa da sabulu na tsaraba. Ita kuma ta rungume jakar kwamfutarta a ƙirji, ta naɗe ta da leda har biyu saboda ruwa. Tun da munka fito gida fuskarta a ɗaure take, kuma na san halinta, ranta ne a ɓace.

Ga abin da ya tashe mu. Ina da aminiya tun muna 'yan mata, aure ya kai ta wani ƙauye kusa da Fakku a ƙasar Kebbe. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kiwon zabi ne ke riƙe da gidan. Ɗiyata kuwa, kun sani, aikin lantarki ta karanta, kuma tana haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai aiki da hasken rana. Bara ta kai wa aminiyar tawa guda, Goggo take ce mata. Da damina ta sauka bana zabi sunka fara zuba, sai aminiyata ta sayar da akuyarta ta sayi ƙwai wurin matan Fulani, ta haɗa da na gida, maƙwabta ma sunka kawo nasu, anka cika akwatin taf. Jiyan tafiyarmu da la'asar sai ga wayarta. Akwati ya mutu tun hantsi, ƙwai na ciki, kuma sun kai rabin kwanakinsu. In sunka huce, akuya ta tafi, daminar bana ta tafi, ga kunyar maƙwabta.

Ɗiyata ta karɓi wayar ta tambaye ta ko ruwa ya shiga, ko batir ne. Aminiyata ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta ce mai gyaran rediyo na garinsu ya ɗan taɓa. Nan fuskar yarinyar ta canza.

Sai na yi muku bayanin abin yadda ta sha yi mini, don ku gane fushinta. Cikin akwatin akwai ɗan allo kore kamar tafin hannu. A tsakiyarsa akwai wani ɗan baƙin abu, bai fi ƙwayar kankana ba, da 'yan ƙafafu sirara kewaye da shi. Masu gyara suna ce masa aisi, ni ƙwaƙwalwa nike ce mata. Ita ke faɗa wa akwatin ya ƙara ɗumi ko ya rage, ita ke sa a juya ƙwai, ita ke lura da laima. In an sayo ta daga kanti wofi take, ba ta san komai ba. Sai mutum ya zauna ya rubuta mata umarni a kwamfuta, ya ɗura mata ta wata 'yar igiya. Wannan rubutun shi ne wahalar. Na ga ɗiyata ta yi watanni a kansa, ta lalata mini ƙwan kaji ba adadi wurin gwaji, har babanta ya ce in dai ƙwai ne ya daina ganinsa a gidan nan sai dai warinsa.

To igiyar da ake ɗura rubutun, da ita ake iya zuƙo shi. Abin ya taɓa faruwa da ɗiyata. Ta fara haɗa wata 'yar na'ura mai kunna famfon rijiya, wani mutum a birni ya sayi guda, ya zuƙe rubutun, ya ɗura a ƙwaƙwale masu yawa, yana sayarwa da araha da sunansa. Ta yi kuka ranar da ta gani a kasuwa. Tun daga nan duk abin da ta haɗa sai ta kulle ƙwaƙwalwarsa. Kullen nan ba kwaɗo ba ne da za ka gani da ido, umarni ne shi ma. Ƙwaƙwalwar za ta ci gaba da aikinta, amma in ka sa igiya ka ce ta karanto maka abin da ke cikinta sai ta ƙi. In kuwa ka matsa ka ce sai an buɗe, za ta buɗe, amma kafin ta buɗe sai ta goge komai tas, ka tarar da ɗaki a share. Abin da ɗiyata ta tabbata ya faru ke nan.

Daga Dogon Daji zuwa Tambuwal ba nisa, hanya kwalta ce, munka samu ƙaramar mota da ta fito daga wajen Sakkwato. Gero ya kai ƙugu dama da hagu, kore shar, mutane har sun fito da fartanya tun rana ba ta ɗago ba. Kuɗin mota dai ba a magana, abin da nike biya in je in dawo da, yanzu bai kai ni zuwa ba. Direban ya ce in yi ƙorafin ga masu sayar da mai, shi ma ɗan kallo ne.

A tashar Tambuwal munka tarar motar Kebbe saura mutane da yawa ta cika. Na sayi masa mai zafi wurin wata dattijuwa da ke suya ƙarƙashin rumfar kwano, ta zuba mini ƙuli da yaji ba rowa. Ga kunun tsamiya kusa da ita. Na ci na ƙoshi, ɗiyata ta ɗauki guda ɗaya tana juya ta a hannu.

Na ce, "Ci mana. Fushi ba shi cika ciki."

Ta ce, "Inna, kin san mi ya fi ba ni haushi? Kyauta na ba Goggo akwatin nan. Kyauta. Shi ne za a sa mani igiya a sace."

Na ce, "Ba ki ji ta bakinsu ba tukuna."

"Mi zan ji? Akwai wani kulle da ya fi wanga, wanda in an sa shi ko ni ban iya buɗewa har abada. Shi zan riƙa sawa daga yau, kowa shi huta."

Na jawo kwanon kunu. Na lura in yaro na cikin zafi, maganar uwa ƙara masa itace take yi. Na miƙa mata kunu, ta karɓa.

Sai da rana ta ɗaga sosai motar ta cika. An ɗora buhunan taki a sama, an cusa mu huɗu-huɗu a kujera, ga wani bawan Allah da ya shigo da injin feshi ya ɗora mini a ƙafa yana ba ni haƙuri. Hanyar Kebbe wani wurin lafiya, wani wurin ruwa ya cinye gefenta, direba sai ya sauka ya bi ta gefen gona. Kowane rami munka faɗa sai na ga ɗiyata ta ƙara ƙanƙame jaka. Wata malamar asibiti da ke kusa da ita ta tambaye ta ko jariri ne a ciki, mota ta kwashe da dariya, ita ma dole ta murmusa. Daga nan hira ta ɓalle. Anka yi ta maganar tsadar taki, da yadda ruwan bana ya zo da wuri, da yadda kowa yanzu ke son ya gama tafiyarsa da rana tsaka ya shige gida. Ƙasar can ta fi tamu itatuwa. Ga kaɗanya, ga ɗorawa, ga shanun Fulani farare suna kiwo a bakin fadama. Ni dai ina kallo, amma zuciyata na kan ƙwan nan, ina ta lissafin tun jiya da hantsi suke ba wuta.

A Kebbe ba mu zauna ba. Na so in sayi soyayyen kifi da na gani a faranti, manya-manya, amma na ce sai a dawowa. Daga nan sai kabu-kabu, don mota ba ta shiga ƙauyen da damina. Munka ɗauki biyu. Rabona da hawa babur na nisa haka an daɗe. Mai ɗauke da ni ya ga yadda na riƙe ƙarfen baya, ya ce, "Hajiya, saki jikinki, ban taɓa kada tsohuwa ba." Na ce to kada ka fara da ni. Hanya laka ce ja mai santsi, wani wurin sai mun sauka mun taka. Munka iske wata ƙorama ta kawo ruwa har gwiwa. Samari na tsaye suna ɗaukar babura a kafaɗa suna ƙetarewa da su. Na tattare zane na shiga, ruwan sanyi ƙarara. Ɗiyata ta ɗora jakar a ka ta riƙe da hannu biyu, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono.

Ana kiran azahar munka shiga garin. Aminiyata na tsaye ƙofar gida, da gani ta daɗe a wurin. Ta rame mini a ido. Munka rungume juna, ta kasa ko gaisuwa sosai. Ta dubi ɗiyata ta ce, "Ɗiyata, ni na jawo. Kada ki ga laifin kowa."

Ɗiyata ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, sannan ta wuce ɗakin da akwatin yake. Ta buɗe, sai ta tsaya. Ba ƙwai ko ɗaya a ciki.

"Goggo, ina ƙwan?"

"Suna unguwa," in ji aminiyata.

Ashe da akwatin ya ƙi tashi, matan garin ba su zauna jiran mu ba. Kun san zabuwa ba ta iya kwanci ba, tun kakanninmu kaza ake sa wa ƙwanta. Sai sunka bi gida-gida suna tambayar wa ke da kaza mai kwanci. Duk wadda anka samu, anka ƙara mata ƙwan zabi a ƙarƙashi. Wata kazar an tula mata har ta koma kamar ta hau tudu, fukafukai a baje, tana harara. Har agwagwar gidan liman sai da anka ba ta nata rabon. Da yake kowace mace ta yi wa ƙwanta alama tun farko, wata da gawayi, wata da shuni, wata da jan farce, ba a ji tsoron cakuɗewa ba. Waɗanda kaji ba su ɗauka ba, aminiyata ta jera su cikin babban masaki da ƙaiƙayi, ta rufe da bargo, ta kewaye da goruna na ruwan ɗumi tana canzawa. Ta ce tun jiya ba ta bar wutar murhu ta mutu ba, kuma da kuncinta take gwada ɗumin.

Na ga ɗiyata ta sa hannu cikin masakin, ta ɗauki ƙwai ɗaya ta kara a kuncinta ita ma. Nan kafaɗunta sunka sauka.

Muna nan sai ga sallama. Mai gyaran rediyon ne. Ni na zaci wani matashi zan gani mai wayon birni. Ashe dattijo ne, gemu fari, tabarau ɗaure da zare, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Ya tsaya daga zaure, sai da anka ce ya shigo. Ya zauna bakin tabarma ya cire hula ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Injiniya, ni ne mai laifin. Bari in gaya miki yadda anka yi, sannan ki yi mani hukunci."

Wai matan garin sun ga amfanin akwatin, ƙwai sun yi yawa bana, babu wuri. Sai sunka ce a yi na biyu. Kafinta ya ƙera akwati daidai da wancan. Shi kuma ya duba allon, ya ga duk kayan da ke kai ya san su, ya aika birni anka sayo masa, har da ƙwaƙwalwa iri ɗaya sak. Ya haɗa, ya kunna, shiru. Nan ya gane sai da rubutu. Yana da 'yar na'urar da yake zuƙo rubutun talabijin mai lafiya ya ɗura wa marar lafiya, aikin da ya saba yi ke nan. Ya tambayi aminiyata, ta ce ai kayan ɗiyarmu ne, ɗebo mana, in ta zo ma murna za ta yi. Sunka ce akwati zai riƙe ɗuminsa na ɗan lokaci, a cire allon da hantsi a mayar kafin azahar.

"Na sa igiya, ta ƙi karantuwa. Sai na'ura ta tambaye ni da Turanci ko a cire kariya. Na ce to ai abin da nika so ke nan. Na danna. Ta buɗe kuwa, na duba, wayam. Wallahi Injiniya sai da na ji gumi har tafin ƙafata. Shekaruna nawa ina gyara, ban taɓa kashe abu mai lafiya ba sai jiya."

Aminiyata ta ce, "Mu mun ɗauka kamar ɗibar wuta ce. Ki zo da kasko ki ɗiba a murhuna, tawa ba ta ragu ba."

Na fara jin tsoron abin da zai fito bakin ɗiyata gaban dattijo. Sai ta ce a hankali, "Goggo, wutar ba ta raguwa, gaskiya ne. Amma itacen wanga ni kaɗai na yi wata da watanni ina saro shi. In kowa ya ɗiba, da mi zan ci?" Ta juya wurin tsohon. "Baba, da kun kira ni."

Ya ce, "Awo. Da mun kira ki."

Shi ke nan faɗan da na kwana ina tsoro. Ta buɗe jaka ta ciro kwamfuta, ta ce, "Baba, zo ka riƙe mani fitila, idonka ya fi nawa sanin allon ga yanzu." Ya matso da sauri har tabarau na zamewa.

Da yake gogewa kawai ƙwaƙwalwar ta yi, ba ƙonewa ba, ana iya sake ɗura mata. Ta sa igiyarta, wani ɗan layi kore ya fara tafiya a fuskar kwamfutar. Kafin in gama shan furar da anka kawo mini, sai munka ji ƙit, fankar akwatin ta tashi, lambobi sunka fito ja a gabansa. Yaran gidan sunka sa ihu. Amma ƙwaƙwalwar ta manta kwana nawa ƙwan sunka yi, kuma sai ta sani don ta san ranar da za ta daina juya su. Ɗiyata ta tambaya, aminiyata ta ce ranar kasuwa ta zuba su, kasuwa biyu sun wuce tun nan. Da haka anka gyara lissafin.

Sai da akwatin ya ɗauki ɗumi sosai anka fara karɓo ƙwai. Wannan shi ne abin dariyar tafiyar. Kajin nan sun riga sun karɓi amana, ba su yarda a ɗauka ba. Mata na shigowa da ƙwai a ƙwarya, hannuwa duk saran kaza. Agwagwar liman kuwa ta kori mutum biyu, sai matarsa ce ta lallashe ta, duk da haka sai da anka bar mata kaɗan. Wasu matan sunka ce a bar nasu ƙarƙashin kaza, tunda ta riƙe da kyau, ɗiyata ta ce hakan ma daidai ne.

Kafin a mayar da kowane ƙwai, sai da anka duba shi. Anka rufe ƙofa da taga da zane ɗakin ya yi duhu, ɗiyata ta kunna fitilar waya tana kara ƙwai a kai. Ta kira ni in gani. Cikin ɓawon sai ga jijiyoyi ja kamar saiwar ciyawa, da wani ɗan duhu a tsakiya. Ina kallo sai ya motsa. 'Yan uwa, na haifi 'ya'ya, na yi kiwon kaji tun ina yarinya, amma ban taɓa ganin rai na motsi cikin ƙwai ba sai ranar. Na ce Allahu Akbar. Wasu kuma in an haska sai a ga jan zobe kawai, ba motsi, waɗannan sun tafi. Aminiyata na tsaye tana karɓar matattun tana ajiyewa gefe, bakinta na motsi. Yawancinsu daga masaki suke, na gefe-gefe da ɗumi bai kai ba, kuma nata ne, don na maƙwabta ta fara ba kaji. Da anka gama, masu rai sun fi matattu nesa. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale. Na zauna kusa da ita na dafa kafaɗarta.

Da yamma anka yi mana tuwon dawa da miyar yakuwa, ga kwaɗon tafasa. Bayan mun ci, ina zaune ina taya aminiyata tsinke zogale, ɗiyata ta zo ta zauna gefena.

Ta ce, "Inna, kin tuna kullen da na ce zan sa, na har abada?"

Na ce, "Na tuna. Har yanzu fushin ne?"

"A'a. Tunani nika yi. Wanda na sa da farko ya tsare mani rubutuna, ba wanda ya karanta. Amma ya bar ƙofar da za a goge shi, kuma ƙwan Goggo ne sunka biya. Da na har abada na sa, da Baba ya sa igiyarsa ba abin da zai amsa mishi, akwati na nan na aikinsa."

Na ce, "To mi ya hana ki tun farko?"

"Tsoro. In na sa shi kuma daga baya na ga kuskure a rubutuna, ba gyara. Sai dai a cire ƙwaƙwalwar a jefar a sa sabuwa. Kuma ni ina Dogon Daji, ga ƙorama tsakaninmu."

Na ce mata ni ban san aikinku ba, amma na ga mutum a garin nan da ya iya cire abu ya sa sabo, kuma na ga yadda ya riƙe hularsa. Ta dube ni, ta yi dariya, ta ce wai ni ba na faɗin magana kai tsaye.

Ba ta sa kullen a ranar ba. Ta ce sai akwatin ya kwana yana aiki ta ga bai yi gardama ba. Da safe ta duba, ɗumi daidai, ƙwai sun juya yadda ya kamata. Ta aika anka kira dattijon. A gabansa ta sa igiya, ta yi bisimilla, na ga yatsanta ya ɗan tsaya sama kafin ta danna kullen nan na har abada. Sannan ta ce ya kawo na'urarsa ya gwada. Ya ce shi ya tuba. Ta ce a'a, gwada dai. Ya sa, ya danna nan ya danna can, na'urarsa ta ce ba ta ga kowa a gida ba, akwati kuwa na ta hurawa abinsa. Ya yi dariya har da tafa hannu.

Daga nan ta ce ya kawo allon da ya haɗa na akwati na biyu. Ta duba shi gaba da baya, ta ce aikin hannunsa ya fi nata tsabta, ya ce kada ta zolayi tsoho. Ta ɗura wa ƙwaƙwalwar allon rubutun, ta gwada, ta kulle ta ita ma. Ta kuma ciro wani allon da ta zo da shi a jaka, shi ma a kulle, ta ba shi ajiya, ko da wani ya lalace ya canza nan take ba sai an jira mu ba. Sunka yi magana a kan duk mai son akwati a yankin, shi zai haɗa, ita za ta aiko da ƙwaƙwalwa a ɗure a kulle. Yadda sunka daidaita tsakaninsu ban sa baki ba. Na dai ji ta ce ya rubuta a jikin kowane akwati da boko da ajami cewa kada a cire allo in da ƙwai a ciki. Ya ce da babban baƙi zai rubuta, kuma shi zai fara karantawa.

Da hantsi munka yi sallama. Aminiyata ta rako mu har bakin gari, ta cusa mini ƙullin kuka da man shanu a kwalba, na ƙi, ta ɓata rai, na karɓa. Ƙoramar ta janye, ruwa iya idon sawu. Mai kabu-kabun jiya ne ya sake ɗauko ni, ya ce ya ga na saki ƙarfen yau. A Kebbe na sayi kifin nan, kuma ya kai yadda na zata. A motar Tambuwal ɗiyata ta ci nata ta ci rabin nawa, ta jingina kai a kafaɗata ta yi barci, jakar kwamfuta a ƙasa tsakanin ƙafafunta. Munka shiga Dogon Daji ana kiran la'asar. Babanta na zaune ƙofar gida, ya ce, "Yaya, an kama ɓarawon?" Ta ce, "Baba, ba ɓarawo, abokin aiki na samo."

Abin da na ɗauko a tafiyar nan, da ina ganin kullen da take yi kamar rowa ce, don mu ba haka munka tashi ba. Yanzu na gane guminta take tsarewa, kuma tana da gaskiya. Su ma mutanen can ba mugunta sunka yi ba, abin da sunka saba yi da wuta da iri da gishiri shi sunka yi da abin da ba a yi masa haka. Da ta gaya musu tun ranar da ta kai akwatin cewa a kulle yake kuma ga abin da zai faru in an taɓa, da ba a kai nan ba, ita da kanta ta faɗi haka a hanya. Ku masu 'ya'yan da ke irin wannan aiki, ku gaya musu. Ku kuma da ake kawo wa irin kayan nan, ku tambayi mai shi kafin ku ba a buɗe.

Shekaranjiya ina wanke-wanke sai ga saƙon murya daga aminiyata. Na kunna, ban ji maganarta ba sam, sai tsiyau-tsiyau kamar an buɗe kasuwar tsuntsaye. Can daga baya muryarta ta fito tana dariya tana cewa akwati ya cika da 'yan zabi, kajin unguwa ma sun fasa nasu, agwagwar liman na yawo da guda biyar ta hana kowa matsowa. Ta ce akuya za ta dawo in Allah ya raya su, ko da ba babba kamar waccan ba. Ɗiyata ta karɓi wayar ta saurara har sau uku, sannan ta koma ɗaki wurin allunanta.